Audugar da Nake Sa Masa a Kunne

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Matar ɗan ƙanena ce take rubutawa, ni ina faɗa. Na ce da ita in na fara kuka ta ajiye biro ta jira, zai wuce.

Maigidana ya rasu bara da damina, ana maimai. Allah ya ji ƙansa, ya haskaka kabarinsa. Na gama takaba, mutane suka ce yanzu sai haƙuri. To ina yi. Amma har yau in namiji mai kaurin murya ya yi sallama a zaure, sai na miƙe kafin in tuna.

Da ƙuruciyarsa ɗan kokawa ne. Daga nan Unguwar Tudu har Garo da Gude da cikin Kabo, babu fagen da bai shiga ba in an gama girbi. Makaɗa suna yi masa kirari da Bijimin Tudu, mai kwana a tsaye. Yana da takensa a ganga, kuma kowa ya yarda cewa da zarar an buga taken nan sai ya rikiɗe, ba mai iya tare shi. Haka tsofaffi suke faɗa har gobe a bakin masallaci.

Ni ban taɓa ganinsa a fage ba, matar aure ba ta zuwa. Abin da na sani shi ne safiyar ranar, kuma safiyar ranar ba ta yi kama da bijimi ba. Tun da ya dawo daga masallaci yake sintiri tsakanin ɗaki da bayan gida. Ni ce mai cika buta. Koko ba ya zama a cikinsa, bakinsa a bushe, hannunsa na rawa har ba ya iya ɗaura gurunsa sai na ɗaura masa. Farkon aurenmu kaye yake sha. Ya taɓa ce mini, "In ganga ta tashi, mutane suka ɗau ihu, sai in daina ganin ƙafar mutum. Ba abin da nake ji sai zuciyata a maƙogwaro. Sai kawai in afka, a yi a gama."

Wata ranar kokawa ina zaune ina gurzar auduga, ya tsaya a kaina yana zufa. Sai ya sunkuya ya tsinci 'yar kaɗan ya cusa a kunne, ya fita. Da yamma samari suka rako shi har ƙofar gida da waƙa. Daga ranar ya zama aikina. In mulmula ta ƙanana, in taɓa man shanu, in goga a gindin tukunya ta yi baƙi don kada a gani, in sa masa da ɗan yatsana. Akwai ranar da na cika ta na danna sosai, ya shiga fage kamar wanda aka tasa daga barci, wani da bai kai shi ba ya nannaɗe shi. Ya dawo yana faɗa.

"Ke kin kashe wutar gaba ɗaya! Ragewa na ce ki yi. So nake in ji gangar kamar a Garo ake buga ta ina nan gida. In babu tsoron sam, jikina ba ya tashi."

Na ce to ni ina na sani, ni ce mai shiga? A haka dai muka gane daidai gwargwadonta. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, na kuwa riƙe. Ya daina kokawa, ya yi furfura, ya zama mutumin sahun gaba, muka tsufa tare, ba wanda ya ji.

Yanzu sai maganar jikana. Ubansa ɗana ne na fari, mai sayar da hatsi a Kano. Da aka yaye shi aka kawo mini, bai koma ba. Sunan kakansa aka sa masa, don haka ba na iya kiransa, sai dai in ce Mai Suna. Ya zama saurayi, gemu ya fito. Shi kaɗai ya rage mini a gidan. Shi ne mai noma gonar, shi ne mai ɗebo ruwa, shi ne wanda nake jin tarinsa ta bayan bango in san akwai mutum. Kuma ya ɗauko kokawa. In suka sauka yashin rafi da sa'anninsa, ba ganga ba 'yan kallo, an ce duk sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kwantar. Amma a kai shi fage, kamun farko yana ƙasa. Kaka ta zo ta wuce, wata ta zo, labarin ɗaya ne.

Abin da yake ci mini rai shi ne yadda kowa ya tashi taimakonsa. Tsohon makaɗin maigidana yana nan da ransa, hannu ya gaji, ɗansa ne yake bugawa shi yana kirari. Don karamci suka ba yaron taken kakansa. Yana sa ƙafa a fage sai a buga, tsofaffi su miƙe suna ihu wai Bijimi ya dawo. Gwaggonninsa su yi ta bugo waya tun jajibere, kowace da nata: kada ka ba mu kunya, duk dangi suna kallonka. Abokansa su kawo masa lemon gwangwanin nan da aka ce yana sa ƙarfi, ya sha ya ƙara, idonsa ya yi zuru-zuru kamar na wanda aka biyo. Wani ya ce a mare shi kafin ya shiga don jininsa ya tashi, aka kuwa mare shi. Tukunya tana tafasa tana zubewa, kowa ya zo da icensa.

Mutum ɗaya ne ya yi magana mai ma'ana, malamin motsa jiki na sakandare. Ya zo har zaure ya gaishe ni, ya ce, "Inna, yaron nan ba ƙarfi ya rasa ba, zafin ne ya yi masa yawa. Kowane ɗan wasa da iyakar abin da jikinsa yake ɗauka. Wani sai an zuga shi, wani sai an kwantar da shi." Ya koya masa jan numfashi a hankali da sakinsa a hankali. Ya roƙi makaɗan su bar buga taken. Tsohon makaɗin ya ce ɗan boko zai koya masa sana'ar ubansa? Maganar ta mutu a nan. Numfashin kuwa yaron yana yi a gida, amma ganga tana tashi yake manta yana da hanci.

Ni ina ji, ina gani, bakina a ɗaure. Lokacin da maigidan yake da rai na sha cewa ya kira yaron ya gaya masa. Sai ya ce zai yi, bari a gama shuka, bari a gama girbi. Kunya ce kawai. Ya tafi ya bar ni da ita. Wallahi akwai ranar da nake kukan rashinsa, ina kuma jin haushinsa a lokaci guda, har ban san wanne ne yake zubo hawayen ba.

Bana da aka sa ranar kokawa a Garo, uban yaron ya zo daga Kano. Ɗan fari ne, ban saba doguwar magana da shi ba, shi ma haka. Ya zauna a kan turmi yana kallon ƙasa.

"Inna, na gaji da dariyar mutane. In aka sake kayar da shi a karon farko, ya tattara kayansa mu wuce. Akwai buhunan ɗauka a kasuwa, ƙarfin ya yi amfani."

Na ce, "Ni fa?"

"Ke ma ki taho. Ɗaki yana nan."

Ɗaki yana nan. Na taɓa kwana a ɗakin, taga tana kallon bangon maƙwabci. In bar gidan da aka kawo ni ina amarya, inda aka wanke mijina, in je in zauna ina jiran a kunna mini fanka? Amma kuma ba zan iya zaman gidan ni kaɗai ba, ko guga ba na iya ja yanzu. Ya san haka, ni ma na sani. Ashe zamana a ɗakina ya rataya a ƙafafun yaron da suke zama ruwa in ya ji ganga.

Da safiyar ranar ina kan tabarma na ji ƙarar buta. Ta tafi, ta dawo, ta sake tafiya. Irin tafiyar nan da sauri-sauri, ana jan takalmi. Na rufe ido sai na ji kamar shekarun ba su wuce ba. Na tashi na ɗauko matashin kan maigidan, wanda ban bari kowa ya taɓa ba tun da ya rasu, na farke bakinsa na zaro auduga.

"Mai Suna, zo nan."

"Tsohuwa, yau ba ni da lokacinki. Nemi wani mijin."

"Wane miji, kai da mazagin wando ya gagara? Zauna."

Ya zauna. Na gaya masa duka, butar, rawar hannun, audugar, ranar da na cika ta. Ya saki baki yana kallona.

"Bijimin? Mai kwana a tsaye?"

"In ta tawa za a bi, a tsugune yake wuni."

Ya fashe da dariya har ya kwanta a tabarma. Ni kuwa da na ji abin da bakina ya faɗa a kan mutumin da yake kabari, sai kuka ya ƙwace mini. Ya tashi ya zauna.

"Amarya, yi haƙuri mana. Amma ke ma, kina da wannan kika bar ni ina cin ƙasa duk shekarun nan?"

"Alkawari na yi. Kai ma yanzu za ka yi mini. Ba abokanka, ba ubanka, ba kowa."

Ya rantse. Na mulmula, na taɓa mai, na goga a tukunya. Yatsuna ba su manta gwargwadon ba. Na sa masa, na koma bakin ɗaki na buga murfin kwano da ludayi.

"Kana ji?"

"Kamar daga gidan maƙwabta."

"To haka ake so. Ka yi numfashin da malamin nan ya koya maka. Ka kalli ƙafar mutum, ka bar fuskarsa, ba aurensa za ka yi ba."

Ranar na ce sai na je. Tsohuwa ba ta da mai hana ta. Maƙwabcinmu ya goya ni a babur har Garo, na samu wuri kusa da wata mai sayar da gyaɗa. Wannan ne kokawar farko da na gani da idona, ni da na rayu da ita tun ina amarya. Jama'a sun yi da'ira, wasu a kan bishiya, wasu a kan mota. Ganga kuwa ba a kunne take tsayawa ba, a ciki take bugawa. Ni da ba ni zan shiga ba, sai da na ji cikina ya juya, na fara waige-waigen inda zan zaga. A nan na ce a raina, Allah sarki bawan Allah, ashe cikin wannan kake shigowa, ni ina gida ina yi maka tsiyar yawan ruwan da kake ƙarar mini.

Aka kira Mai Suna. Aka buga taken. Tsofaffi suka miƙe da ihunsu, ubansa yana gefe yana ɗaga hannu yana wani abu da baki da ban ji ba. Yaron ya tsaya a tsakiya. Na ga kafaɗarsa ta hau, ta sauka a hankali. Bai afka ba. Suka sunkuya suna zagaya juna, wancan ya kawo hannu ya ture, ya sake kawowa ya ture. Mutane har suka fara gunaguni wai a yi mana. Can sai na ga wancan a ƙasa, ban ma ga yadda aka yi ba. Mai gyaɗa ta ce taɗiya ya yi masa. Na riƙe hannunta, matar da ban sani ba, ina ta kuka, ita kuma tana ce mini sannu, ɗanki ne aka kayar?

Karo na biyu ma ya yi kaye. Daga nan hankalinsa ya bar jikinsa. Aka ɗaga shi sama, yana kan kafaɗun mutane, sai na ga ya kai hannu kunne. Na ce a'a. Na ce kai, kai, kai. Ya zaro baƙar audugar nan ya ɗaga ta sama kowa yana gani, yana ihu.

"Ta kakana ce! Da ita yake shiga! Ba ya jin kowa!"

Alkawarin da ko azahar bai kai ba. Wani ya yi tsalle ya fizge ta daga hannunsa, aka hau kokawa a kanta a wajen fage. Da aka kira shi karo na uku, da wani ƙato daga Gude, ya shiga da kunne a buɗe, murna ta cika shi, ganga tana zuga shi. Ya afka da gudu kamar rago. Ƙaton ya ɗan kauce kawai ya taimaka masa ya isa ƙasa. Ashe murnar ma in ta yi yawa aikinsu ɗaya da tsoro.

A hanyar dawowa ban yi masa magana ba. Da muka shiga gida ya ce, "Tsohuwa, ai ban faɗi maganar buta ba." Na ce Allah ya saka maka da alheri, ka rufa mana asiri.

Washegari tsohon makaɗin ya zo, yana dogara sanda. Muka gaisa, ya yi mini gaisuwar rashi kamar jiya aka yi, na tambayi iyali, ya tambayi gajiyar hanya. Sannan ya jingine sandar ya dube ni.

"Uwargida, ashe bango nake yi wa kiɗa duk shekarun nan?"

Tausayinsa ya kama ni, duk da haushinsa da nake ji. Na ce, "Yana ji, daga nesa yake so ya ji. Kuma in yana wanka, ko yana gyaran garma, takenka ne a bakinsa. Har ya tsufa yana yinsa a hanci." Gaskiya na faɗa masa. Ya goge ido da bakin riga. Da zai tafi ya juyo ya ce amma duk da haka yaron ya yi kaye ne don an buga taken da kyau jiya. Na ce haka ne, Allah ya kiyaye hanya.

Samari kuma suka fara sallama a zaure. Labari ya zaga cewa tsohuwa tana da laƙani a matashi. Na ce auduga ce, irin ta kyamis, ku je ku saya. Ba wanda ya yarda. Wani har da kawo mini kaza. Malamin motsa jiki ya yi ta yi musu bayani cewa ba kowa ne yake buƙatarta ba, wani in ya toshe kunne barci zai yi a fage, suka ce so yake ya riƙe wa ɗalibansa. Na ɗinke matashin na sa a ƙarƙashin gado.

Uban yaron bai ce komai ba sai ranar da zai koma. Ya shigo ya zauna a kan turmin nan, yana juya makullin mota a hannu. Na san shi, yana iya cewa ai an kayar da shi daga baya, kaye kaye ne.

"Inna, da gaske Baba tsoro yake ji?"

"Sosai ma."

"Kowace kokawa?"

"Har ta ƙarshe."

Sannan ya ce, "Kin tuna da na fara kokawa, ina saurayi, na bari na ce gwiwata ce?"

Na tuna. Har ganye na dafa na yi ta gasa masa gwiwar.

"Lafiyarta ƙalau. Cikina ne yake ɓaci in an sa rana. Na ɗauka ni kaɗai ne ragon gidan. Na ce ɗan Bijimi ba zai tsaya a gaban mutane ƙafa na rawa ba."

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba, ni da ban taɓa yi masa faɗa ido da ido ba. Na ce maza uku a gida ɗaya, ciwon ciki iri ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa! Uba yana kallo ana gasa wa ɗa gwiwar ƙarya bai ce uffan ba, ɗan ya girma ya zo yana yi wa nasa ɗan tsawa a kan abin da shi ma ya gudu ya bari. Da ɗayanku ya buɗe baki ya ce ina jin tsoro, da wa zai mutu? Na yi ta faɗa ina kuka, har da wanda ba ya nan ya ji, shi ma na ba shi nasa. Mutumin nan mai furfura a gemu ya sunkuyar da kai yana cewa Inna yi haƙuri, Inna ya isa.

Da na yi shiru na share fuska, na ce, "To yaron fa?"

"Bari ya zauna a nan wurinki."

"Ka gaya masa da bakinka. Ka gaya masa ta gwiwar ma."

Ya ce to. Ya fita zaure, ina jin su. Ya daka wa yaron tsawa a kan bai goge gilashin mota da kyau ba. Ya ce ya sa buhun masara a baya, a hankali, kada ya fasa masa fitila. Ya shiga ya tada mota. Sai da ta fara tafiya ya leƙo ta taga.

"Kai! Dawar nan ta gonar rafi kada ka bari ta kai wani sati a ƙasa. In na dawo na tarar da gara a ciki, ni da kai ne."

Ta gwiwar bai faɗa ba. Mai Suna ya shigo yana washe baki, ya ɗau guga ya nufi rijiya.